Hotuna da takardun iyali da ke cikin kwamfutar gida: kwafi ɗaya bai isa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da na lura ba a cika tattauna shi ba, duk da cewa kusan kowane gidan da ke da kwamfuta ko babbar waya yana zaune a cikin haɗarinsa. Maganar ita ce ta hotuna, bidiyo da takardun iyali da muke tarawa shekara da shekaru a cikin na'ura guda ɗaya tak, hankalinmu kwance, muna ganin ai mun adana su.

Ni ganau ne a wannan batu. Tun ina saurayi nake da sha'awar ɗaukar hoto, kuma bayan rasuwar mahaifinmu sai na ɗora wa kaina aikin tattara tsofaffin hotunan gidanmu, waɗanda wasunsu sun fara dusashewa, wasu kuma danshi ya manne su da juna, ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kwamfuta tare da rubuta sunayen waɗanda ke ciki. Aikin ya ci mini kusan shekara biyu, domin sai dare ya yi, yara sun kwanta, nake samun zama a kansa. A cikin wannan lokaci ne kuma na riƙa zaunar da mahaifiyata ina naɗar muryarta tana ba da labarin iyayenta da kakanninta, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, da irin rayuwar da suka yi. Duk wannan yana cikin folda ɗaya, a cikin kwamfuta ɗaya, a kan tebur ɗaya.

Wata rana da daddare na danna maɓallin kunnawa, sai na ji wata ƙara da ban saba ji ba tana fitowa daga ƙarƙashin madannai, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga farce a kan tebur, allon kuma ya tsaya baƙi da ɗan rubutu yana cewa bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Na kashe na sake kunnawa, na kuma kashewa na sake kunnawa, har wajen sau goma, ina fatan ko za ta farfaɗo. Da safe na kai ta wurin mai gyara. Bai ko buɗe ta ba, ya kunna, ya kara kunnensa a jikinta, ya yi sauri ya kashe, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, allurar ce take bugawa. Sau nawa ka kunna ta bayan ta fara wannan kukan?" Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ce kowace kunnawa ƙara kankare fuskar faifan na yi ta yi da hannuna.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan akwati, domin wanda ya fahimta ba zai sake amince masa shi kaɗai ba. Faifan ajiya irin na da yana ɗauke da wasu faya-fayai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a cikin minti ɗaya, sannan akwai wani ɗan hannu mai kai kamar allura da ke shawagi a samansu yana karantawa yana rubutawa, ba tare da ya taɓa su ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan kwamfutar ta faɗi ko aka girgiza ta da ƙarfi tana cikin aiki, ko kuma tsufa kawai ya cim mata, kan allurar zai iya gogar faifan, kuma duk inda ya goga, abin da ke wurin ya tafi. Kamfanin IBM ne ya fitar da irin wannan faifai na farko a 1956, nauyinsa ya kai kimanin tan ɗaya, abin da yake ɗauka kuwa bai wuce megabait 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar yau sun cika shi. Tun daga lokacin an ƙanƙanta shi, an ninka abin da yake ɗauka sau miliyoyi, amma har yanzu ƙarfe ne mai juyawa, kuma ranarsa tana zuwa.

Sababbin kwamfutoci suna zuwa da wani nau'in ma'aji da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya kuma fi jure faɗuwa. Na yarda ya fi na da, ni ma shi nake amfani da shi yanzu. Sai dai shi idan zai mutu sau da yawa ba ya kuka ba ya gargaɗi, kuma fayil ɗin da aka goge a cikinsa ya fi wuyar dawowa, saboda na'urar da kanta take share gurbinsa ba da jimawa ba don ta shirya wa sabon rubutu. Filash da memori kuwa kayan ɗaukar saƙo ne daga nan zuwa can. Suna ɓata, suna karyewa, suna shiga wanki a aljihu.

Abin da na tsira da shi daga waccan asara bai taka kara ya karya ba. Hotunan takarda suna nan, don haka na sake kwafe su, ko da yake sunayen da na rubuta sun salwanta. Wasu hotunan na same su a wayoyin 'yan'uwana waɗanda na taɓa tura wa ta WhatsApp, a nan ne kuma na gane cewa manhajar tana matse hoto ta rage masa nauyi kafin ta aika shi, ta yadda idan ka faɗaɗa shi sai fuskoki su dagule, sai fa in an aika shi a matsayin takarda, wanda shi ke barinsa yadda yake. Muryar mahaifiyata kuwa ban taɓa tura wa kowa ba, kuma Allah ya yi mata rasuwa watanni kaɗan kafin faifan ya lalace.

Masu sana'ar adana bayanai suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1, kuma ban ga dalilin da zai hana magidanci ya bi ta ba. Duk abin da kake jin zafin rasa shi, ya kasance kana da kwafinsa 3, a kan nau'in ma'aji 2 daban-daban, sannan 1 daga cikinsu ya kasance ba a cikin gidan da sauran suke ba. Hikimar sharaɗin ƙarshe ita ce gobara, ambaliya da ɓarawo ba sa bambance kwamfuta da faifan da ke ajiye a gefenta, gaba ɗaya suke tafiya da su. A aikace, wannan yana nufin kwafi ɗaya a cikin kwamfutar, na biyu a faifan waje da ake jonawa da igiya, na uku kuma ko dai a ma'ajiyar intanet, wato wurin ajiya da kamfanoni irin su Google ke bayarwa ta intanet, ko a wani faifan da aka kai gidan ɗan'uwa.

Kwafin faifan waje ba ya buƙatar wata ƙwarewa. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani tsari mai suna File History, wanda da zarar an jona faifan an kunna shi, zai riƙa kwafe fayilolin da suka canza kowace awa, kuma yana riƙe tsofaffin siffofinsu, ta yadda idan ka ɓata wata takarda yau za ka iya komawa ga yadda take jiya. Kwamfutocin Apple suna da makamancinsa mai suna Time Machine tun 2007. Mutane da yawa suna da waɗannan a cikin na'urorinsu shekaru, ba su taɓa leƙa su ba, kamar yadda ni ma ban taɓa ba.

Inda nake so in ɗan daɗe shi ne batun ma'ajiyar intanet, domin a nan ne na ga mutane sun fi yaudarar kansu. Za ka ji mutum yana cewa ai komai nasa yana Google, alhali bai san iyakar wurin da aka ba shi ba. Google yana bayar da gigabait 15 kyauta, amma wannan wuri raba shi ake yi tsakanin Gmail da Google Drive da Google Photos, kuma tun ranar 1 ga Yuni, 2021 aka daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, duk sabon hoton da ya hau yana cin wurin. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple kuwa gigabait 5 kowannensu yake bayarwa kyauta. Bidiyon 'yan mintoci kaɗan na wayar zamani zai iya cinye gigabait guda. Idan wurin ya cika, hotuna sun daina hawa, saƙon gargaɗin da ke fitowa kuma yawancinmu ture shi muke yi da yatsa ba mu karanta ba, sai ranar da wayar ta ɓata mutum ya tarar ajiyar ta tsaya tun bara.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Yawancin waɗannan ma'ajiyoyi aikinsu shi ne daidaita abin da ke cikin na'urarka da abin da ke wurinsu, su zama tamkar mutum da inuwarsa. Don haka idan yaro ya ɗauki kwamfutar ya goge folda, ko kai da kanka ka goge don neman wuri, gogewar za ta bi ta can ma. A Google Drive abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 ne kawai, daga nan ya tafi. Ban da haka, tun watan Disamba na 2023 Google ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar rufe asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke cikinsa. Wannan ya shafi asusun mamata kai tsaye, kuma shi ya sa nake ganin ya dace kowane mai iyali ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda, ya ajiye ta inda yake ajiye muhimman takardunsa, ya kuma sanar da mutum ɗaya da ya amince da shi. Na san wasu za su ga wannan a matsayin sakaci da sirri, amma a ganina haɗarin a rufe asusu da tarihin iyali gaba ɗaya ya fi haɗarin takardar da ke kulle a akwati.

Sai batun masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke sako wata muguwar manhaja ta kulle duk fayilolin mutum, su ce sai ya biya kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kusan 150 a cikin 'yan kwanaki, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan ita ce ƙin sabunta manhaja. Masu amfani da Windows 10 su sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum, wanda ta cikinsa ake samun irin wannan gyara, ranar 14 ga Oktoba, 2025. Manhajar masu garkuwa da bayanai tana kulle har faifan wajen da ta tarar a jone, saboda haka ni nawa cire shi nake yi da zarar an gama kwafi in mayar da shi aljihun tebur.

Ga wanda abin ya riga ya same shi, shawarata gajeruwa ce. In ka ji faifai yana wannan bugawa, ka kashe kwamfutar nan take, kada ka sake kunna ta sai a gaban wanda ya san aikin. In kuma gogewa ka yi bisa kuskure a faifai irin na da ko a memori, ka daina ajiye komai a kansa, domin fayil ɗin yana nan kwance, sunansa kawai aka cire daga jeri, kuma sabon abin da ka ajiye shi ne zai hau kansa ya binne shi.

Yanzu faifan waje biyu gare ni. Ɗaya yana gida, ɗaya yana wurin ƙanena, kuma duk farkon wata nakan sabunta na gida in kai masa in karɓo wancan. Kafin in fita da shi nakan buɗe hotuna biyu ko uku da takarda ɗaya daga cikinsa in tabbatar suna buɗewa, domin na taɓa yin watanni ina kwafe gajerun hanyoyin folda, wato 'yan alamomin da ke kai ka ga folda amma ba su ɗauke da abin da ke cikinta, a maimakon foldar kanta ban sani ba. Hotunan da suka fi soyuwa gare ni kuma na sa an wanke mini su a takarda.

Malam Edita, ranar 31 ga Maris ta kowace shekara an ware ta a duniya don tunatar da mutane su yi kwafin bayanansu. Ina roƙon jaridarku ta yi amfani da wannan rana ta buga bayani da hotuna, mataki bayan mataki, na yadda ake kunna File History da yadda ake duba sauran wurin da ya rage a asusun Google, domin masu karatu da yawa za su yi in an nuna musu inda za su danna.

A watan jiya na je wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, na zaunar da ita na naɗi muryarta na tsawon awa biyu. Ta ba ni labarin kakanninmu kamar yadda ta riƙe shi, sai dai a wurare biyu sunayen da ta kawo sun saɓa da abin da nake tunawa mahaifiyata ta faɗa, kuma ba ni da abin da zan saurara in gwada. A daren ranar na kwafe naɗin zuwa kwamfuta da faifan gida da ma'ajiyar intanet kafin in kwanta.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum