Shawarar da jiƙo ba ya yi mata magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin jama'a da hukumomin lafiya na Jihar Sakkwato kan wani nau'in ciwon shawara da ba a cika bambanta shi da sauran ba. A wurinmu, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa sai a jiƙa masa rawaya, alhali akwai shawarar da tushenta toshewa ce. Hanta ke samar da ruwan madaciya, wanda ke bi ta wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji. Idan ciwon daji ya tsiro a pankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda hanyar ke ratsawa) ko a cikin hanyar kanta, sai ya matse ta, ruwan ya koma cikin jini. Daga nan fitsari zai yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya hana barci, mutum ya yi ta ramewa, kuma sau da yawa babu ciwon ciki da farko, wanda shi ne ke sa iyali su yi sake.

Akwai aikin da likitoci ke kira ERCP, wanda ke buɗe hanyar ba tare da an farke ciki ba. Bayan an ba majiyyaci allurar barci, likita zai zura na'ura mai kyamara ta baki har zuwa farkon ƙaramin hanji, ya gano wurin toshewar ta hoto, sannan ya saka ɗan bututu domin ruwan ya samu mafita. Likitocin Hambug ta ƙasar Jamus ne suka fara saka irin wannan bututu wajen shekarar 1980. Na roba ya fi araha, sai dai yakan toshe cikin kimanin wata 3, dole a sake shi. Na ƙarfe ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda zai taso daga ƙauye mai nisa.

Wajibi ne a gaya wa iyali gaskiya: bututun ba ya warkar da ciwon daji, kuma aikin na iya jawo kumburin pankiriyas ko zubar jini. Amfaninsa shi ne ƙaiƙayi ya lafa, abinci ya shiga, kuma majiyyaci ya samu ƙarfin karɓar maganin daji ko shiga tiyata, domin likitoci ba sa fara wasu magungunan idan shawarar ta yi tsanani.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na karɓar majiyyata daga Kebbi da Zamfara, har da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, don haka duk abin da aka zuba a wannan fanni al'umma mai yawa za ta amfana. Ina kira ga gwamnatin tarayya da ta jiha su ɗauki nauyin na'urori da bututai da horar da likitoci da ma'aikatan jinya, a kuma saka aikin cikin tsarin inshorar lafiya. Su kuma ƙananan asibitoci a umarce su da su tura duk dattijon da ya zo da shawara da farin bayan gida a ɗauki hoton cikinsa ba tare da jinkiri ba.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya, Sakkwato