Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, yayye da ƙanne.

Shugaba ya ce bana in taƙaita, tunda bara wasu sun fara gyangyaɗi kafin in kai tsakiya. Zan yi ƙoƙari, amma wasu maganganun ba sa taƙaituwa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na Maris da azumi ya ɗauke, da na Agusta da mutum shida kawai suka zo, muka sha shayi muka watse.

Sai maganar kuɗin wata, wadda na san ba a son ji. Dala 20 ce, tun kafin korona ba a ƙara ko sisi ba. Waɗanda suka biya watanni goma sha biyu cif ba su kai rabin sunayen da ke littafi ba. Ni da ma'aji mun kira waya, mun tura saƙo a WhatsApp, mun tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a kamar masu bara, har ta kai wasu in sun hango ni sai su tsallaka titi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaran da suka zo jiya-jiya, masu kai abinci a keken lantarki cikin ruwa da dusar ƙanƙara, su ne ke fara biya. Wanda ya shekara ashirin a Bronx, nan birnin New York, yana da takarda, yana da mota, ya gina bene a gida, shi ne kullum "wata mai zuwa". Wani ma cewa ya yi me ƙungiya ta taɓa yi masa. Ban amsa ba saboda furfurarsa, amma akwai waɗanda suka tuna a falon wa ya kwana wata uku lokacin da ya sauka.

Wannan ne ya sa asusun jana'iza bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma ina so a ji dalilin daga bakina kafin a ji shi a shagon aski. Mun yi rashi sau biyu bana, Allah ya jiƙansu. Ɗaya iyalinsa sun yarda a binne shi nan, ɗaya kuma mahaifiyarsa ta roƙa a kawo mata ɗanta. Kai gawa gida ba kuɗin jirgi kaɗai ba ne: akwai na gidan da ke ajiye ta, akwai takardar mutuwa, akwai izinin ofishin jakadanci, kuma kowace kwana da aka ƙara kuɗi ne. Abin da ke asusu bai isa ba, sai da aka zagaya da faranti masallatai uku. Masu cewa kwamiti ya yi sakaci, littafi yana hannun ma'aji, rasit kuma ko ɗaya bai ɓata ba. Da abin hannu ake ɗaukar gawa, ba da alkawari ba.

Ofishin da muka ce za mu kama shi ma bai samu ba. Mun ga ɗaki, mai gida ya nemi kuɗin wata uku a gaba da sa hannun mutum mai cikakkiyar takarda, aka rasa wanda zai sa. Darasin Hausa na yara ranar Asabar ya yi mako bakwai ya mutu. Malamar ba ta da laifi, kyauta take yi bayan ta kwana a aikin kula da tsofaffi. Iyayen da suka fi kowa kukan 'ya'yansu ba sa iya gaida kaka a waya, su ne ba su kawo yaran ba.

To, alhamdu lillahi, akwai abin da ya wanke mana ido, wato ranar cike takardu da muka yi bayan Babbar Sallah. Kun san yadda garin nan ya cika da baƙi tun 2022, an ce sun haura dubu 200, cikinsu da 'yan uwanmu da suka biyo ta Nikaraguwa suka ratso Meziko. Birni ya ƙayyade wa marasa iyali kwana 30 a masauki, masu iyali kwana 60, shi ya sa kuka ga samari suna kwana a masallatai. Da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu cewa shekara ɗaya tak doka ta ba su daga ranar shigowa su miƙa takardar neman mafaka, I-589, kuma sai ta yi kwana 150 da shiga sannan za su iya neman izinin aiki. Duk ranar da mutum ya yi jinkiri, ranar aikinsa ce yake turawa gaba. A watan Afrilu ɗaruruwan 'yan Afirka sun taru a gaban majalisar birni, babban kukansu har da rashin tafinta. Daga nan muka ce mu kam muna da baki, bari mu ba da aronsa.

Limaminmu ya ba mu ƙasan masallaci. Lauyoyi uku suka zo kyauta, matasanmu da aka haifa a nan suka zauna gefensu suna fassara, Hausarsu na tangal-tangal amma ta kai saƙo. Mun sa ƙarfe goma, kafin tara layi ya kai bakin titi. Ba Hausawa kaɗai ba: Zabarmawa sun zo, Fulanin Gini sun zo, har da 'yan Muritaniya, sai da muka aika a taso wani dattijonmu mai jin Larabci daga barci. Wani yaro ɗan wajen Tawa ya ciro takardunsa daga ledar burodi, ya naɗe su ninki huɗu, ruwa ya taɓa gefensu. Lauya ta duba ta ce saura kwana goma sha ɗaya shekararsa ta cika. Bai ma fahimci abin da ake nufi ba sai da aka maimaita masa da Hausa, sai kawai ya dafe kai. Ba a tashi ba sai da aka gama tasa. Wasu biyu kuma an sauya musu masauki ba su sanar da kotu sabon adireshi ba, alhali kwana biyar doka ta bayar. Da wasiƙar kotu ta tafi tsohon wuri ba su halarta ba, alƙali na iya yanke hukuncin kora ba sa nan. An gyara musu a wurin.

Iyayenmu mata kuwa sai dai mu ce Allah ya saka. Tun asuba koko da ƙosai suka iso, da rana matan zango suka kawo wake da shinkafa irin ta Kumasi da shito, 'yan Nijar suka zo da dambu, ga tuwo da miyar kuka da Hajiyoyinmu na Kano suka tuƙa. Ɗaya daga cikin lauyoyin ta ci tuwo da hannu, ta nemi a ƙulla mata saura. Ba a taɓa asusu ba, kowa daga aljihunsa ya yi. Kwanan nan yaron nan na Tawa ya same ni da katin izinin aikinsa, ya ciro dala 20 ya ce a rubuta sunansa.

Tun bayan zaɓen Nuwamba da Donald Trump ya ci, wayata ba ta huta ba. Ni ba lauya ba ne, ina roƙo a daina yaɗa saƙon murya na "an ce an ce" a dandalinmu, kuma kada kowa ya miƙa kuɗinsa ga mai shago da ya ce zai yi masa takarda. Lauyoyin sun yarda su dawo idan mun samo wuri da tafintoci goma. Zuwa yanzu huɗu suka rubuta suna.

Zaɓen sababbin shugabanni yana taron Janairu, kuma tsarin mulkinmu ya ce mai bashin wata uku ba ya zaɓe, ba a zaɓensa. Bana za a yi aiki da shi. Ni dai shekarata shida da wannan littafi, na gaya wa shugaba a nemi wani. Masu bashi su ga ma'aji kafin a sa abinci.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya