A koya wa ɗaliban NCE auna ruwan sama kafin a miƙa musu alli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in isar da saƙo ga shugabannin kwalejojin horar da malamai na jiharmu, musamman Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Daura. Damina huɗu ke nan ni da 'yan aji biyar muna auna ruwan sama. Kayan aikinmu robar lemo ce da muka yanke kanta muka kifa shi ciki kamar mazurari, muka zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, muka cika tsakanin tsakuwar da ruwa, sannan muka ɗaura rula daga nan zuwa sama. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, kafin a buga ƙararrawa, yara biyu za su durƙusa su daidaita idonsu da bakin ruwan, su karanta, su rubuta. Ranar da na gaya musu cewa milimita ɗaya na nufin lita guda ta sauka a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, sai wata yarinya ta fara lissafin jarka nawa ta zuba a gonar babanta. Wallahi ban taɓa ganin ta kama lissafi da irin wannan zafin ba.

Abin bai tsaya a makaranta ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Baba muke ce masa, wanda shi da hannu yake nasa awon: ya tona ƙasa, in lema ta kai dani ya ce ruwan shuka ya samu. Yanzu yara kan kai masa lambarsu, shi kuma ya faɗi nasa, mu rubuta duka biyun a shafi ɗaya. Shi ne ma ya sa muka ƙara layin ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da marka ta kama, da yawan kwanakin da ruwa ya ɗauke bayan masu binne sun ga tsiro.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗaliban da ake turo mana koyon aikin koyarwa. Yara ne masu ladabi da ƙoƙari. Amma bara na miƙa wa ɗayansu littafinmu, mai karantar kimiyya ne kuwa, sai ya ce da ni, "Malam, ai wannan aikin hukuma ne." Zai iya zana yadda ruwa ke tashi ya zama girgije a allo ba kuskure, amma bai taɓa auna ko ɗigo ba. Ban ga laifinsa ba. Haka aka koya masa, haka ni ma aka koya mini.

Gaskiya ne hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, amma ba za ta iya kafa ma'auni a kowane ƙauye ba, kuma kowa ya san yadda hadari kan zubar a Zango ya tsallake Sandamu. Makarantar firamare kuwa kusan ko'ina akwai ta. A duniya ma an daɗe da gane haka. Shirin nazarin muhalli na GLOBE da aka fara a Amurka a 1995 ya dogara ne da awon da ɗalibai da malamansu ke yi, kuma Najeriya na ciki. Aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, masu sa kai ne ke yawo da waya suna rubuta tsuntsun da suka gani. Ina ma a ce da mun fara ƙirga ungulu tun lokacin da take cika mahauta, da yau muna da shaidar shekarar da ta fara ɓacewa.

Roƙona shi ne, cikin shekaru uku na karatun NCE, wato takardar shaidar malanta, a wajabta wa kowane ɗalibi aikin awo na damina guda tare da yara da manoman garin da aka tura shi, a ba shi maki a kai. Kwalejin kuma ta ware malamin da zai riƙa karɓar sakamakon, ya tace shi, ya miƙa ga masu bincike a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, don yara su san wahalarsu ba a aljihun tebur za ta ƙare ba.

Namu littattafan guda huɗu suna cikin akwatin ƙarfe a ofishin hedimasta, gara ta fara taɓa bangon na farko. Duk kwalejin da ke so, ta aiko a kwafa.

Naka,
Wani malamin firamare,
Daura, Jihar Katsina.