Kafin ka taɓa faifan kwamfutar nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai. Ƙanwarka ce ta faɗa min kana shirin ɗora Ubuntu, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwamfutar da na ba ka, ya zauna tare da Windows ɗin da ke ciki. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Ban hana ka ba. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025 na san tsohuwar na'urar nan sai an nema mata mafita. Amma ka san abin da ke cikinta. Hotunan mahaifiyarku da muryarta da muka ɗauka a asibiti babu su ko'ina sai a faifan nan. Laifina ne da ban kwafe ba kafin tafiyarka. Kullum sai in ce gobe, don ba na iya buɗe wurin. Wannan kai ma ka sani.

Abin da ke hana ni barci shafi ɗaya ne. Ana cikin ɗorawa za a tambaye ka: a ajiye shi gefen Windows, ko a goge faifan baki ɗaya? Zaɓin biyu suna maƙwabtaka da juna. Kai kuma na san hannunka, tun kana ƙarami ka fi son dannawa kafin karantawa. Ka tuna wayar yayarka. Ita waya an sayi wata. Wannan fa? In ka goge, wa za ka je ka ce ya sake yi maka magana da muryarta? Ko shawara ba ka nema ba, sai a bakin ƙanwarka zan ji!

To, ya wuce. Ka fara kwafe komai a wani faifai na waje, ka buɗe su a kwamfutar wani, ka ji da kunnenka cewa muryar ta fito. In BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, yana kunne, ka rubuta lambobin nan 48 na buɗe shi a takarda, don taɓa saitin tayar da na'ura kan sa ya nemi su. Daga cikin Windows za ka rage masa fili, ka bar wa Ubuntu fiye da gigabait 25 ɗin da yake nema, ka kuma kashe saitin tashi da sauri. Ka gwada Ubuntu daga filashi kwana biyu tukuna, ba ya taɓa faifan sai ka ce a ɗora. In daga baya ka ga agogo ya rikice tsakaninsu, kada ka damu, kowanne da yadda yake lissafin lokaci.

In ka iso shafin nan, ka ɗauke hannunka ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne, mu karanta tare. Kuma ka aiko min da kwafin muryar. Ina jin yanzu zan iya saurara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka