Wasiƙa daga Kisumu

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya, da maiɗakinka da yara. Ka gaishe min da Baba, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da kusan kowa ya yi min kafin in taso: me zai ɗauko malamin asibiti daga Kano har Kenya, ya yi aikin sa kai a gidan marayu masu ɗauke da HIV, alhali ga marayu a ƙofar gidansu? Tambayar tana kan hanya. Bari in ba ka labarin wurin tukuna, sannan in zo kan marainiyar nan da ka ambata a ƙarshen saƙonka, don ita ce ta sa na zauna rubutu maimakon in turo maka murya ta WhatsApp.

Gidan yana bayan garin Kisumu, a yammacin ƙasar, kusa da tafkin Biktoriya. Yawancin mutanen nan 'yan ƙabilar Luo ne, masunta da manoma. Binciken da aka yi a faɗin Kenya a 2018 ya nuna kashi 4.9 cikin ɗari na manya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, amma a gundumar Kisumu kashi 17.5 ne, a Homa Bay da ke maƙwabtaka kuwa 19.6. Namu binciken na Najeriya a wannan shekarar kashi 1.4 ya nuna. Ka ga ke nan a nan da wuya ka sami dangin da abin bai taɓa ba. Ƙauyuka cike suke da tsofaffin mata da suka binne 'ya'yansu, suke riƙon jikoki.

Da sassafe, kafin a sha kunun da suke kira uji, ake ba da magani, kuma ni ke riƙe da littafin. Kowane yaro da layinsa, da nauyinsa na ƙarshe, domin maganin ƙananan yara da kilo ake auna shi. Yaro ya ƙara ƙiba ba a lura ba, sai ya zama yana shan abin da bai ishe shi ba. Ƙanana ana jefa musu ƙwayar maganin HIV mai suna dolutegravir a ɗan ruwa cikin kofi, a jujjuya ta narke, su shanye, a ƙara ɗauraye kofin da ruwa kaɗan su sake sha don kada komai ya rage a gindi. Tana da ɗan zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Akwai wata 'yar shekara uku da ke miƙo kofinta da hannu biyu tun ban kira sunanta ba.

Wata dattijuwa cikin masu rainon, wadda ta daɗe a gidan, ta ba ni labarin yadda abin yake kafin wannan ƙwaya ta iso Kenya a 2021. Wani ruwan magani ake ɗura wa jarirai da sirinji safe da yamma, mai ɗaci kamar maɗaci, wanda kusan kashi 42 cikin ɗari nasa barasa ce, kuma sai an ajiye shi a firji. Yaro ya furzar, ya yi amai, a sake. Ta kuma ga zamanin da babu maganin gaba ɗaya. Jaririn da ya kamu tun daga uwa, in ba a yi masa magani ba, rabinsu ba sa kai shekara biyu. Da take faɗa min haka hannunta bai daina tsintar ganyen sukuma wiki ba, amma muryarta ta canza. Yanzu yaran da take raino suna buga ƙwallo har sai an kore su su yi wanka. Wallahi in ka shigo ba za ka iya nuna mai ɗauke da cuta ba.

Abin da ya fi wahala a nan shi ne gaya wa yaro gaskiya. Wani ɗan shekara takwas ya tare ni da tambaya, wai me ya sa shi kullum yake shan magani bayan ba inda ke masa ciwo. Ba hurumina ba ne in amsa, sai na kai shi wurin mai ba da shawara. A hankali suke bi. Da farko a ce masa akwai wata ƙwaya a jininsa da ke son raunana sojojin jikinsa, maganin ne ke sa ta barci. In ya ƙara wayo, a zaunar da shi tare da wanda ya fi yarda da shi, a faɗa masa sunanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ke nan, cewa yaron da ya kai shekarun makaranta a sanar da shi, kada a bari ya tsinta a bakin wani. Na ga abin da ɓoyewa ke jawowa. An kawo wani saurayi da danginsa suka yi shekaru suna ce masa maganin ciwon ƙirji ne. Ranar da ya karanta sunan da ke jikin kwalbar ya bincika a wayar abokinsa, daga ranar ya daina sha, ya daina yarda da kowa. Sai da gwajin jini ya nuna ƙwayar ta yi yawa aka gane a masai yake zubarwa. Yanzu ya koma sha, amma har yau ba ya ɗaga wayar kawunsa.

Game da mu masu zuwa aikin sa kai, shugabar gidan ta kafa mana doka tun ranar farko: ba ɗaukar hoton yara, ba yi musu alƙawari, ba zaɓen ɗan lele. Da farko dokar ta ukun ta yi min nauyi, don yaran da gudu suke zuwa su rungume duk baƙon da ya shigo. Ta ce wannan ba abin murna ba ne. Yaron da ya sami nutsuwa da mai riƙonsa ɗari-ɗari yake yi da baƙo. Wanda ke maƙale wa kowa, ya saba ne da mutane su zo su so shi su tafi. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Don haka aikina littafin magani ne, da raka su asibiti, da koya wa manyan yaran lissafi da yamma. Goyo da rarrashi na matan da za su kasance a nan ne bayan na koma Kano.

Kuma ka san wani abu? Da yawa daga cikin yaran nan suna da dangi a raye. Talauci ne ya kawo wasu, wasu kuwa tsoro ne kawai. Gwamnatin Kenya ta yi sabuwar dokar yara a 2022, tare da shirin shekara goma na rage gidajen marayu a mayar da yara cikin iyali. Na bi jami'ar jin daɗin jama'a a bayan boda boda, achaɓarsu ke nan, zuwa gidan wata kaka da ake son mayar mata da jikarta. Tsohuwar tana son yarinyar, har ta soya mana ƙananan kifin omena don murna. Amma a gefe, can saman katanga, ta ware kofi da kwano na roba, ta ce na yarinyar ne in ta zo. Jami'ar ba ta yi mata faɗa ba. Ta sa aka zuba wa yarinyar ruwa a kofin, ta sha, ita ma ta karɓa ta shanye sauran a gaban kowa. Sai da aka yi ta komawa kafin tsohuwar ta sauko da kwanon cikin sauran kwanuka. Irin wannan tsoron ne ya sa a 2004 sai da gidan yara na Nyumbani da ke Nairobi ya kai ƙara kotu kafin makarantun gwamnati su karɓi yaransa.

Akwai kuma fargabar kuɗi. Kaso mai yawa na maganin nan daga PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da HIV, yake fitowa, wanda aka fara a 2003. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, ma'aikatan nan sun ce barci ƙaurace musu ya yi, suna ƙirga kwalaben da suka rage. Ka sa su a addu'a.

To, yarinyar. Ka ce 'yar ƙanwar maiɗakinka ce, uwarta ta rasu bayan doguwar jinya, matan gidan kawunta sun hana ta cin abinci da 'ya'yansu, har ana maganar a kai ta gidan marayu. Don Allah, don Annabi, kada ka bari a kai ta. Ina cikin gidan marayu mai tsafta da masu raino na kirki nake faɗa maka haka: kowane yaro a nan, in mota ta tsaya a ƙofa, leƙawa yake yi ko nasa ne suka zo.

Fara da gwaji, don ba wanda ya tabbatar tana ɗauke da HIV. Ko uwa ba ta sha magani ba, yawancin jarirai ba sa kamuwa, masu kamuwa suna tsakanin kashi 15 zuwa 45 ne cikin ɗari. Tun da ta kai shekara shida, ɗigon jini daga yatsa ya isa, kuma a ranar za ku ji sakamako. In ta fito babu, alhamdu lillahi. In akwai, maganin kansa kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, sau ɗaya a rana, kuma dokar da aka yi a Najeriya a 2014 ta hana a nuna mata bambanci a makaranta. Ba a ɗaukar cutar ta kwano, ko buta, ko tabarma, ko cizon sauro. Ka fi ni sanin hadisin mai riƙon maraya. Ka fara shawo kan Hajiya, don in ita ta zaunar da yarinyar a gabanta suka ci tuwo kwano ɗaya, babu matar da za ta ƙara cewa uffan. Kuma sakamakon ya tsaya tsakaninka da maiɗakinka da wanda zai riƙa ba ta magani.

Ka sanar da ni ranar da za ku je asibitin, in yi wa wata abokiyar aikina da ke sashen yara magana ta tarbe ku. In ma'aikata sun tambayi katin asibitin marigayiyar, ku tafi da shi in yana nan.

Ka gaida mutanen majalisa baki ɗaya. Sai na ji daga gare ka.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka