Tsallen tayar baya a motocin gudu: a daina ɗora wa inji laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu motocin gudu, musamman Ford Mustang da Chevrolet Camaro da ake shigo da su daga Amurka, kan wata matsala da ke cinye musu kuɗi ba gaira ba dalili.

Direba zai tsaya cak, ya danna totur da ƙarfi, sai bayan motar ya kama dukan ƙasa, bum-bum-bum, kamar ana buga ganga a ƙarƙashin kujera. Wasu na ɗauka alamar ƙarfin inji ce, har su ƙara danna ƙafa. Kuskure ne babba. Abin da ke faruwa shi ne, taya ta kama kwalta, ƙarfin inji ya murɗe shaf, wato sandar da ke juya taya, ya matse robobin ƙafar mota, sai tayar ta suɓuce, duk abin da ya murɗe ya warware a lokaci guda, ta sake kamawa. Haka zai yi ta maimaituwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Duk kamawa ɗaya kamar dukan guduma ce a kan shaf da akwatin giya da difarensha, wato giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu. Cadillac CTS-V ta 2004 zuwa 2007 ta yi ƙaurin suna wajen fasa difarensha ta wannan hanya. Kamfanin General Motors, mai ƙera Cadillac da Camaro da Corvette, da kansa ya ɗauki mataki a Corvette ZR1 ta 2009, inda ya yi shaf na hagu da na dama da kauri daban-daban don kada su riƙa murɗewa suna warwarewa tare.

Magani na farko kyauta ne. Da zarar ka ji tsallen, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Idan mota mai kuloci ce, kada ka saki kulocin gaba ɗaya a lokaci guda, ka rage juyin inji da kamar juyi 500 a minti a gwaji na gaba, ka saki kulocin da sauri amma ba da fizga ba, yadda taya za ta karɓi nauyin.

Daga nan sai taya. Tsohuwar taya da robarta ta bushe, ko tayoyin baya biyu da ba iri ɗaya ba, su ne kan gaba wajen kama-saki. A auna iska tun taya na da sanyi, a daidaita biyun. A filin gwaji ana iya rage psi 2 (ma'aunin iskar taya) a kowane zagaye a ga bambanci, amma a mayar da iskar zuwa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba kafin a hau titi. Ƙasa mai ƙura, ko mai ɗan jiƙa, ko kwalta mai sanyi, duk suna tayar da matsalar.

Inda aikin ya fi yawa shi ne robobi. Mustang daga 2015 da Camaro daga 2010 kowace tayar baya tana motsi da kanta, kuma duk ƙafar bayan tana rataye ne a kan wani firam da aka ɗaure a jikin mota da manyan bushin roba guda huɗu. Kamfani ya yi su da laushi da gangan don kada hayaniya ta shiga ɗaki. Laushin nan ne ke ba firam ɗin damar zamewa gaba da baya. A ɗaga motar, a sa ƙarfe a ɓamɓara kowane bushi a duba tsagewa, domin ramukan titunanmu da zafin rana suna kashe roba da wuri. Idan suna da lafiya, a sa zoben alminiyam da ake cusawa don cike gurbin da ke cikinsu, wannan ne gyara mafi arha da ya fi tasiri. Bayansa sai bushin difarensha da sandunan da ke riƙe saitin taya. Amma a sani, duk robar da aka maye da ƙarfe ko roba mai tauri, kukan difarensha da girgiza za su ƙaru a cikin mota. Wanda yake zuwa ofis da motarsa kullum, kada ya canza komai da komai a rana ɗaya. Ya canza ɗaya, ya gwada.

Kuskuren da ya fi yawa wajen ɗauri shi ne a matse notin bushi mota na rataye a kan jak. Idan aka sauke ta, robar ta riga ta murɗe, ba za ta daɗe ba. A matse shi nauyin mota na kan tayoyinta, da ma'aunin ɗauri, gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa, sannan a je a yi saitin ƙafa.

Shokozoba da ta mutu ba ta iya danne tsallen, don haka idan tana zubar da mai, a canza biyun baya tare. Motoci masu jan gaba irin su Golf GTI da Honda Civic, nasu ciwon yawanci yana robar da ke riƙe inji daga ƙasa ne. Tsofaffi masu sifirin na faranti kuwa, aksul ne ke naɗe sifirin ɗin, maganinsu sandar da ke hana shi juyawa.

Muna roƙon matasa da kada su ƙara wa inji ƙarfi kafin a gyara ƙafa, kuma duk wannan gwaji a yi shi a keɓaɓɓen fili. Shaf idan ya karye a tsakiyar tashi, motar na iya karkata gefe guda, kuma a titin gari akwai masu babur da yara a bakin hanya.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran ƙafar mota, Kaduna.