Wasiƙar Sallah zuwa ga Yaya da Auta

Assalamu alaikum Yaya, da ke Auta,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ku gaishe min da Goggo da yara duka. Ina nan lafiya lau, sai kewa, wadda yau ta fi kullum nauyi. Sallah ta uku ke nan babu Inna. Da asuba na ɗauki waya har na lalubo lambarta, sannan na tuna. Har yanzu na kasa goge ta.

Makon jiya na shiga wani ɗan gidan tarihi a nan Faris, wurin da masaniyar kimiyyar nan Marie Curie ta yi aiki, ofishinta na nan da teburinta. Ita ma baƙuwa ce a garin nan, daga Polan ta zo neman ilimi a 1891. Sau biyu ta karɓi lambar yabo ta Nobel, a 1903 da 1911. Amma ni shekarar 1906 ce ta tsaya min a rai: keken doki ya take mijinta a kan titi, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar ko shekara biyu ba ta cika ba. Babbar, Irène, ta bi sawun uwarta a binciken kimiyya har ita ma ta samu Nobel a 1935. Ƙaramar kuwa, Ève, da uwar ta rasu a 1934 sai ta tattara wasiƙunta, ta tafi Polan wajen dangi tana tambaya, ta rubuta tarihinta ya fito a 1937.

Ina tsaye gaban teburin nan, wallahi Yaya, keken ɗinkin Inna kawai nake gani. Baba ya rasu Auta tana goye. Kin fi ni tunawa da yadda muke yin barci ƙarar keken na tashi, mu farka yana tashi. Na tuna yatsanta na hagu da allura ta huda, ta naɗe shi da ƙyalle ta ci gaba, don ta yi alkawarin kayan mutane da safe. Na tuna ranar da aka zo ana cewa a cire ki daga makaranta ki taya ta aiki, ta ce wahalar tata ce, ba ta raba ta da kowa. Kuma da littafina na aji biyu ta koyi karatu, tana bin layi da ɗan yatsa, in ta yi kuskure na gyara mata ta ce in sake maimaitawa. Tana da shekara arba'in a lokacin, ko ɗigon kunya ba ta ji ba.

Abin da ke damuna shi ne mun san ta a matsayin Inna kawai. Wace irin yarinya ce ita? Me ta so ta zama? Wa ya koya mata ɗinki? Ban taɓa tambayarta ba, ina ganin kamar akwai lokaci. Yanzu Goggo kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tashi tare da ita, ga shi girma ya kama ta.

Don Allah Auta, idan baƙi sun ragu, ki zauna da Goggo, ki kunna wayarki ki naɗi muryarta. Kada ki katse ta ko ta yi nisa da zance. Yaya, ki duba akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, akwai ɗan littafin da take rubuta awon mutane da hannunta, ki ɗauko min hoton kowane shafi. Ni zan haɗa su in rubuta, ku gyara min inda na kauce.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya sa Aljanna ce makomarsu. Zan kira ku bayan la'asar, ku sa Goggo a kusa.

Taku har kullum,
'yar tsakiyar Inna